Ƙin sakin kuloci bayan canjin giyabos

Ƙin sakin kuloci matsala ce da ke faruwa idan direba ya taka kuloci har ƙasa amma faifan kulocin bai rabu da fulawil (babban faifan ƙarfen da inji ke juyawa) sarai ba, sai inji ya ci gaba da juya sandar shiga giyabos. Ta fi bayyana bayan an ɗora wa mota wani giyabos na hannu, ko an mayar da mai otomatik zuwa giyar hannu, aikin da ya zama ruwan dare a garejin da ke sayo kayan Beljiyam daga kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna.

Alamarta ba ta ɓuya. Idan inji a kashe yake, kowace giya tana shiga lafiya. Da an tayar da shi sai ta ɗaya ta yi tauri, ribas kuma ta riƙa ƙara kamar ana niƙa. Ribas ce ke fara tona asiri domin a yawancin tsofaffin giyabos ba ta da zoben daidaita gudu. Wani lokaci motar kan riƙa jan jiki gaba alhali ƙafa na kan kuloci.

Bincike daga waje

Ƙa'idar bakanike mai hankali ita ce ya gama da abin da ke waje kafin ya sauke giyabos, domin saukewa aikin yini ne, kuma sau da yawa laifin ba a ciki yake ba. A kuloci mai aiki da mai, iska ce ta farko da ake zargi. Iska tana matsuwa, mai ba ya matsuwa, don haka tafiyar feda takan ƙare wajen danne iskar maimakon tura silindar ƙasa, wadda ke jikin giyabos tana sakin kuloci. Idan an yi ta buga feda sau da dama sai giya ta shiga, to a fitar da iska, a kuma duba ko masta, wato silindar sama da feda ke turawa, na zubar da mai ta ciki. Man birki DOT 3 ko DOT 4 ake zubawa. Man inji ko na sitiyari yana kumbura robobin ya lalata su.

Abin da aka fi mantawa da shi shi ne girman masta. Mastan da faɗin bakinsa yake milimita 15.87 yana tura man da ya gaza na mai milimita 19.05 da kusan kashi 30 cikin 100 a taku iri ɗaya. Idan aka bar ƙaramin masta na tsohon giyabos, aka haɗa shi da babbar silindar sabon, feda zai yi laushi mai daɗi, amma cokalin kuloci, ƙarfen da silindar ke turawa don sakin faifai, ba zai yi tafiyar da ake bukata ba, ko da an kwana ana fitar da iska. A kuloci mai waya kuwa, a duba ko wayar ta saki ko daidaitonta ya kauce.

Laifin da ke ciki

Idan silinda na tura cokali daidai amma kulocin bai saki ba, to sai an sauke. Kuskuren da ya fi yawa shi ne juya faifai baya. Cibiyarsa ta fi tsawo ta gefe ɗaya, idan aka juya ta sai ta gogi notocin fulawil. Masu ƙera faifan kan rubuta gefen da ke fuskantar giyabos, a kayan Jamus da kalmar Getriebeseite. Haka kuma idan aka bar nauyin giyabos ya rataya a kan faifai lokacin ɗorawa, faifan kan lanƙwashe, kuma lanƙwasasshen faifai ba ya gyaruwa. Tsatsa a haƙoran sandar shiga tana hana faifan zamewa. Maiƙo kaɗan a haƙoran ya isa, mai yawa kan fantsama ya ɓata fuskar faifan.

Sai ƙaramin boris ɗin da ke tsakiyar kirankishaf (babbar sandar inji), wanda bakin sandar shiga ke zama a cikinsa, a motocin da ke da shi. Injin da ya fito daga mota otomatik yawanci ba ya zuwa da shi. Idan aka sa wanda ya matse, ko aka manta da fil ɗin da ke daidaita giyabos da inji, sandar za ta ci gaba da juyawa ko da kulocin ya saki sarai.

Mafi wahalar ganewa shi ne haɗa kayan da ba 'yan gida ɗaya ba. Kaurin fulawil, tsayin farantin matsi da ke danne faifai a jikin fulawil, tsawon boris ɗin saki da cokali ke turawa da mazaunin cokali duk a kan ma'auni ɗaya aka ƙera su, bambancin milimita kaɗan ya isa ya hana saki. Volkswagen Golf misali ne mai kyau: giyabos 020 yana sakin kuloci ta wata siririyar sanda da ke ratsa cikin sandar shiga, farantin matsinsa kuma a jikin kirankishaf ake ɗaure shi, shi kuwa 02A yana da cokali da faifai mai milimita 228. Wanda ya canza daga wannan zuwa wancan dole ya canza fulawil da kuloci gaba ɗaya. Saboda haka ake auna tazarar da ke tsakanin boris ɗin saki da yatsun farantin matsi kafin a ɗaure, ba a cike giɓi da waldar tsawaita sandar silinda, domin turin da ya wuce kima yana lanƙwasa yatsun, ya kuma fasa silindar da ke cikin ƙoƙon giyabos a motocin da ke da irinta.