Waiwaye: daga ina ƙaurace wa nama ya faro, kuma su wa suka iya girkinsa?

Idan ka shiga kanti a Indiya ka ɗauki biskit ko taliya ko ma alewar yara, duba jikin ledar za ka ga wata 'yar alama, ko dai koren ɗigo a cikin ɗan akwati ko kuma alama mai ruwan ƙasa. Kore na nufin ba nama ba kifi ba ƙwai a ciki, kuma doka ce ta tilasta wa kamfanoni su saka, ba ganin dama ba. Wani bincike da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2021 ya nuna kashi 39 cikin ɗari na manyan Indiyawa sun ce su ba sa cin nama sam. To ka ga masu ɗauka wai ƙin cin nama sabon yayi ne na Turawan da ƙoshi ya yi wa yawa sun makara, abin ya girmi Turawan da kusan shekara dubu biyu da ɗari biyar, kuma inda ya fi yin jijiya addini ne ya dasa shi ba likita ba.

A can Indiyar dai za a fara. Mabiya addinin Jain, wanda babban malaminsu Mahavira ya rayu wajen ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), su ne suka kai abin ƙarshe. Aƙidarsu ita ce kada ka cutar da duk wani mai rai komai ƙanƙantarsa, saboda haka ba nama kaɗai suka bari ba, har albasa da tafarnuwa da dankali masu tsananin riƙo ba sa ci, don wai in ka tuge abin da ke cikin ƙasa ka kashe shukar gaba ɗaya kuma ka hallaka ƙananan halittun da ke maƙale da ita. Ba sa cin abinci bayan faɗuwar rana kada ƙwaro ya faɗa ciki ba a gani ba, wasu malamansu ma da ƙyalle a baki suke yawo suna share gabansu kafin su taka. Ni dai duk lokacin da na tuna miya ba albasa sai in ji tausayin mai girkin, amma su sun samo mafita, suna amfani da wani ƙaro mai ƙarfin wari da ake kira hing wanda ɗan kaɗan ɗinsa a cikin mai mai zafi yake ba da ƙamshi kusa da na albasa da tafarnuwa.

Sai sarki Ashoka a ƙarni na 3 kafin Annabi Isa, wanda bayan ɓarnar rayukan da aka yi a yaƙin Kalinga ya rungumi addinin Buddha sosai. Ya sa aka sassaƙa umarninsa a jikin duwatsu, suna nan har yau, a ɗaya daga ciki yake cewa a da dubun-dubatar dabbobi ake yankawa kullum a madafar fada, yanzu an koma uku kacal, ɗawisu biyu da barewa ɗaya, ita ma barewar ba kullum ba, kuma nan gaba su ukun ma za a daina. Wato shi kansa sarkin bai iya yanke wa lokaci ɗaya ba.

Da addinin Buddha ya tsallaka Sin, sarki Wu na daular Liang a ƙarni na 6 miladiyya ya hana masu zaman ibada cin nama, daga nan madafan gidajen ibada suka zama wajen gwaje-gwaje, su sarrafa waken suya, su wanke ƙullin alkama har sitacin ya fita ya bar wani abu mai danƙo da suke soyawa ya yi kamar tsoka. A Japan kuwa sarki Tenmu ne a shekarar 675 ya hana cin saniya da doki da kare da biri da kaza a watannin noma, aka yi ta sabunta irin wannan hani ɗaruruwan shekaru (kifi dai ba a taɓa bari ba, mafarauta ma sun ci gaba da harkarsu), sai a 1872 aka sanar cewa sarki Meiji ya ci naman shanu, shikenan aka buɗe ƙofa.

Ɓangaren Girka, Pythagoras ɗin nan da ya wahalar da mu a darasin lissafi a sakandare shi ake jingina wa abin, don an ce ya yi imani rai na iya fita daga mutum ya koma jikin dabba. Har zuwa ƙarni na 19 idan Bature ya bar nama cewa ake yi yana bin tsarin Pythagoras. Abin dariyar an ce har wake ya hana almajiransa ci, to malam in ka hana nama ka hana wake me ya rage?

A duniyar Musulmi ma an yi wani sananne, Abul Ala al-Ma'arri, makahon mawaƙin nan na ƙasar Sham da ya rasu a 1057, ya yi shekaru masu yawa bai ci nama ba bai sha madara ba bai taɓa ƙwai ko zuma ba, yana ganin zalunci ne a ƙwace wa ɗan dabba nonon uwarsa ko a kwashe wa ƙudan zuma wahalarsu. Ya sha suka ba kaɗan ba, har wani babban mai wa'azi na daular Faɗimiyya a Alƙahira ya yi ta musayar wasiƙu da shi yana tuhumarsa kan wannan. Matsayar malamai dai a fili take, nama halal ne, ga layya ga yankan suna, wanda ransa bai so ya bari ba laifi muddin bai ce haramun ba ne, kamar yadda Manzon Allah (SAW) ya ƙi cin damo amma aka ci a gabansa bai hana ba. Kuma a Muwaɗɗa ta Imam Malik an kawo gargaɗin Sayyidina Umar cewa a yi hattara da nama domin yana da sabo irin na giya.

Amma in ana maganar iya girki, ni a wajena Habasha ce ta ciri tuta a Afirka. Kiristocin cocin Orthodox na can suna azumin barin duk abin da ya fito daga dabba, nama da madara da man shanu da ƙwai, duk Laraba da Juma'a, ga babban azumi na kwana 55 kafin Ista, ga wasu a tsakani, in aka haɗa talaka mai riƙo yana yin wajen kwana 180 a shekara, malaman coci kuwa har su kai 250. Mutumin da zai yi rabin shekara ba nama dole matarsa ta nemo dabara. Sai ka ga an shimfiɗa injera, wannan faffaɗar waina mai tsami da ake yi da garin wani ƙanƙanin hatsi mai suna tef, an jera mata miya kala-kala tsibi-tsibi a kai, nan jar miyar adas da ta sha yajin barbare, nan shiro na garin wake mai kauri yana tururi, can ganyen gomen, can kabeji da karas da dankali da kurkum ya rina, ka yago gefen injerar ka dangwalo wannan ka haɗa da wancan, ba cokali ba komai. Sirrin kuwa a albasa yake, ana zuba ta da yawa a busasshiyar tukunya a yi ta juyawa har ta narke kafin ma a sa mai. Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, su ma azuminsu ya haura kwana 200, kuma ƙasar da ful (dafaffen wake) da ɗa'amiyya (irin ƙosansu) da koshari (shinkafa da adas da taliya) suke abincin kowa da kowa ba ta rasa abin ba mai azumi.

Turawan Ingila su abin da suka ƙara shi ne ƙungiya da rajista da mujalla. A 1809 wani fasto a Salford kusa da Manchester, William Cowherd, ya nemi mabiyansa su bar nama da giya, mutanen cocinsa ne kuma suka zama ƙashin bayan ƙungiyar Vegetarian Society da aka kafa a garin Ramsgate ranar 30 ga Satumba 1847. Girkin nasu dai sai a hankali, Gandhi da ya je Landan karatun lauya a 1888 bayan ya yi wa mahaifiyarsa alkawarin ba nama ba giya ba mata, ya koka da dafaffen ganye salam ba yaji ba ɗanɗano, yunwa ta yi ta cinsa kafin ya gano wani gidan abinci na marasa cin nama, daga baya har ya shiga kwamitin ƙungiyarsu ta Landan. A Amurka kuma 'yan cocin Adventist ne suka riƙe abin ta fuskar lafiya, likitansu John Harvey Kellogg na Battle Creek a jihar Michigan, daga wajensa da ƙaninsa kwanfilas ɗin da yara ke sha da safe ya fito. A 1944 kuma a Ingila Donald Watson da abokansa suka ɓalle daga Vegetarian Society suka kafa Vegan Society, su ko madara da ƙwai sun yafe.

Daga baya hujjar ta sauya salo ta koma kan muhalli. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce a 2006 kiwon dabbobi ne ke fitar da kashi 18 na iskar da ke ɗumama duniya, a 2013 ta sake lissafi ta ce 14.5. Kamfanoni irin su Beyond Meat da Impossible Foods suka shigo da naman roba na waken suya da furotin ɗin wake wanda har ja yake yi kamar jini, kuma sau da yawa ya fi naman gaske tsada. Sai dai wannan lissafin na manyan gonakin Amurka da Brazil inda ake sare daji don shanu bai kamata a ɗora shi kai tsaye kan Bafulatanin da ke bin saniya talatin a dajin da ko gero ba ya yi ba.

Kada kuma a ɗauka duk mai barin nama mai tausayi ne. A Indiya abin ya cakuɗe da wariyar asali da siyasa, akwai unguwannin da ba a ba mai cin nama hayar gida, a 2014 aka hana yanka da sayar da nama a garin Palitana na jihar Gujarat, a 2015 kuma gungun mutane suka kashe wani magidanci Musulmi a wani ƙauye kusa da garin Dadri na jihar Uttar Pradesh bisa zargin ya ajiye naman saniya a gida. Ƙasar nan kuma tana cikin na gaba-gaba a duniya wajen fitar da naman ɓauna zuwa waje.

Mu a nan ba mu da ƙungiya ba mu da koren ɗigo, baƙo ma in ba ka yanka masa ko kaza ba sai ka ji kunya, amma duba abin da ake ci yau da gobe: ɗanwake da mai da yaji, ƙosai, alale, garau-garau, kwaɗon zogale da ƙuliƙuli, tuwo miyar kuka da daddawar kalwa ce ke riƙe ɗanɗanonta. Awara kuwa ai ita ce tofun da 'yan Sin suka daɗe suna yi, a jiƙa waken suya a markaɗa a tace a tafasa, a zuba ruwan tsami ya dunƙule, a juye a buhu a danne da dutse ruwan ya tsane, a yanka a soya 'yan makaranta su yi layi. Bambancin kawai mafi yawanmu tsadar kilo ce ta raba mu da nama ba aƙida ba, kuma ranar da aka samu ba a yi masa da wasa. Wanda kuma ya ce zai bari gaba ɗaya har da nono da ƙwai, to ya san cewa sinadarin B12 ba ya samuwa a wake ko ganye, sai ya nemi ƙwayarsa a kemis, in ba haka ba ƙarancin jini da matsalar jijiya na iya biyo baya, musamman ga mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara.