"Baul" ba "mawaƙan Sufaye" ba ne kawai

Tun da labaran farmakin da ake kai wa hubbarori da mawaƙa a Bangaladesh suka fara yawo, kalmar "Baul" ta shiga bakin masu karanta labarai. Wani ya ce "mawaƙan Indiya", wani ya ce "mawaƙan Sufaye". Na farkon tsohuwar ɗabi'armu ce ta zuba duk waƙar da ta fito daga wancan yanki cikin buhu ɗaya, alhali Bengal kaɗai, wato yankin da ya haɗa Bangaladesh da wani ɓangaren gabashin Indiya, tana da Bhatiali ta matuƙa kwale-kwale, da waƙoƙin shahararren marubuci Rabindranath Tagore sama da 2,000, da na mawaƙi Nazrul Islam. Na biyun shi ke damuna.

Bahaushe in ya ji "Sufaye", Ƙadiriyya da Tijjaniyya zai hango, da bandiri da begen Annabi. Baul kuwa jama'a ce mai tafarkinta daban. Wasu 'ya'yan Musulmi ne, sukan kira kansu Fakir, wasu daga gidajen Hindu suka fito. Sun ɗebo daga Sufanci, sun ɗebo daga addinin Hindu. Koyarwarsu ita ce abin da kake nema yana cikin jikinka, suna ce masa moner manush, mutumin cikin zuciya, kuma sai ta hannun malami ake riskarsa. Waƙar ita ce darasin.

Ku dubi asalin kalmar. Masana da dama suna danganta ta da "vatula" ta Sanskrit, tsohon harshen Indiya, wato wanda iska ta buge, mai taɓin hankali. Nan fa Bahaushe ba baƙo ba ne. Mu ma iska muke ɗora wa laifi: mai iskoki, bugun iska, har da zagin nan na "ɗan iska" ga wanda ya fice daga tsarin mutane. Harsuna biyu da ba su haɗa dangi ba, amma duka sun ga hauka a cikin iska. Sai dai su Baul sun karɓi sunan sun rataya shi kamar lambar girma. In dole sai an fassara, "majazubi" ya fi kusa, wanda shauƙi ya fizge har ya daina damuwa da me mutane za su ce. Ko shi ɗin bai cika ba.

Kayan kiɗansu ektara, tsirkiya ɗaya tak, wanda ya san kuntigin Ɗan Maraya Jos ya san abin da tsirkiya ɗaya ke iya ɗauka. Babbansu Lalon, wanda ya rasu a 1890, hubbarensa na Kushtia a Bangaladesh, ya yi ta tambaya a waƙa wai ina alamar asali take a jikin mutum. UNESCO ta sanya waƙoƙinsu cikin gadon ɗan Adam a 2005.

Ni ba na bin aƙidarsu, akwai abubuwa a ciki da ba zan iya haɗiyewa ba. Amma dukan mawaƙi da sanda ba hujja ba ce, kuma zuciyata tana ƙuna in na ga hotunan. Taken ƙasar Bangaladesh kansa, Amar Sonar Bangla, Tagore ya rubuta shi a 1905 a kan karin waƙar wani Baul mai suna Gagan Harkara, wanda sana'arsa raba wasiƙu ce a Shilaidaha. Karin nan ne yaran makaranta ke rerawa a tsaye kafin su shiga aji.