Runduna ta 54 ta Massachusetts a Yaƙin Basasar Amurka

Runduna ta 54 ta Massachusetts runduna ce ta sojan ƙasa da ta yi wa gwamnatin tarayya, wato ɓangaren Arewa, yaƙi a basasar Amurka (1861 zuwa 1865). Dakarunta baƙaƙen fata ne, hafsoshinta kuwa da farko duk Turawa. An riga ta kafa wasu rundunonin baƙaƙe a Luwiziyana da Kansas da Karolina ta Kudu, amma ita ce wadda idon ƙasar ya koma kanta, domin da ita aka so a gwada ko baƙar fata zai tsaya a fagen fama. Tarihinta fama biyu ne: ɗaya da 'yan aware na Kudu, ɗaya da gwamnatin da ta ɗauke ta aiki.

Kafuwa

Bayan shelar 'yanta bayi ta Shugaba Abraham Lincoln ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1863, Gwamna John Andrew na jihar Massachusetts ya samu izinin ɗaukar baƙaƙe aikin soja. Baƙaƙen jihar ba su da yawa, don haka aka baza masu neman kurata har Pennsylvania da New York da Ohio, wasu ma daga Kanada suka zo. Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta ya zama babban mai yaƙi da ita, yana cikin masu wannan kira, kuma bai tsaya ga 'ya'yan wasu ba: 'ya'yansa Lewis da Charles sun shiga, Lewis har ya zama samanja. An ba su horo a sansanin Meigs da ke Readville, kusa da Boston. Masu son shiga suka yi yawa har aka kafa runduna ta 55 da ragowar.

Shugabancinta ya faɗa kan Kanar Robert Gould Shaw, ɗan shekara 25, ɗan gidan masu adawa da bauta. Da farko ya ƙi, daga baya ya amsa. Kowa ya san abin da ke jiransu, domin hukumomin Kudu sun riga sun yi shelar cewa baƙin sojan da aka kama ba fursunan yaƙi ba ne, bawa ne mai tawaye, hafsansa Bature kuma hukuncinsa kisa. Ranar 28 ga Mayu 1863 mutum kusan 1,000 suka yi fareti a titunan Boston, suka hau jirgin ruwa zuwa Karolina ta Kudu.

Aikinsu na farko bai yi daɗi ba. A watan Yuni aka sa su cikin ayarin Kanar James Montgomery, wanda ya wawashe garin Darien a Jojiya ya cinna masa wuta. Shaw ya nuna ƙin amincewarsa, ya rubuta koke. Gumurzunsu na farko na gaskiya ya zo ranar 16 ga Yuli a tsibirin James, inda suka tare harin 'yan Kudu har runduna ta 10 ta Connecticut ta samu janyewa.

Ganuwar Wagner

Kwana biyu bayan haka, 18 ga Yuli, aka kai su tsibirin Morris. Can ne ganuwar Wagner ta 'yan Kudu take, tarin rairayi da gungumen itace mai tsaron mashigar tashar jiragen ruwa ta Charleston a Karolina ta Kudu. Mutanen sun kwana biyu suna tafiya cikin ruwan sama da taɓo, ba barcin kirki, ba abincin kirki. Janar George Strong ya yi wa Shaw tayin su shige gaba, ya karɓa.

Igwogin Arewa sun wuni suna luguden wuta, har manya suka ɗauka an gama da na ciki, alhali suna ɓoye a ɗakin da aka binne cikin rairayi, lafiya lau. Da magariba mutum kusan 600 suka tasar wa ganuwar. Hanyar siririya ce, teku a dama, fadama a hagu, har na gefe suna tafiya cikin ruwa. Suna matsowa aka buɗe musu wuta. Suka tsallake ramin ruwan da ke gindin ganuwar, suka hau gangaren rairayin. A samansa harsashi ya samu Shaw a ƙirji, ya faɗi. Aka yi ta gwabzawa hannu da hannu kafin a kora su baya. Wajen mutum 270 aka kashe, ko aka raunata, ko aka kama.

Saje William Carney, haifaffen bauta daga Norfolk, ya cafe tutar ƙasa lokacin da mai riƙe da ita ya faɗi. Ya kai ta har jikin ganuwar, ya dawo da ita jina-jina da raunuka, yana gaya wa 'yan'uwansa cewa ba ta taɓa ƙasa ba. Lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka ba ta iso hannunsa ba sai 1900.

'Yan Kudu suka jefa gawar Shaw a rami ɗaya da dakarunsa da nufin wulaƙanci. Mahaifinsa ya rubuta wa hukumar soja cewa kada a tono shi, a bar shi tare da mutanensa. An sha kaye a harin, ganuwar ba ta faɗi ba sai a watan Satumba bayan doguwar ƙawanya. Amma labarin ya cika jaridun Arewa, kuma ya rufe bakin masu cewa baƙi ba zai yi yaƙi ba. Kafin ƙarshen yaƙin baƙaƙe kusan 180,000 sun sa kakin sojan tarayya.

Rikicin albashi

An ɗauke su bisa alkawarin dala 13 a wata kamar kowane soja. Da lokacin biya ya yi, sai aka ce dala 10 ce, a cire 3 ta tufafi, saura 7. Suka ƙi karɓar ko sisi. Majalisar jiharsu ta ce za ta cike giɓin daga aljihunta, wannan ma suka ƙi, domin ba kuɗin ne damuwarsu ba, daraja ce. Wata kusan 18 suna yaƙi ba albashi, iyalansu a gida suna cikin matsi. Wannan tsayuwa ba ta gaza ta Wagner ba, ko da yake ba a cika ambatonta ba. Majalisar tarayya ta gyara dokar a Yunin 1864, aka biya su bashinsu a ƙarshen damina.

Sauran yaƙin

Ƙarƙashin Kanar Edward Hallowell, wanda ya gaji Shaw, suka je Filorida. A yaƙin Olustee, 20 ga Fabrairu 1864, sojan Arewa suka watse, rundunar ta tsaya tana kare bayansu. A kan hanyar komawa jirgin ƙasa mai ɗauke da masu rauni ya lalace. Suka ɗaura masa igiyoyi suka ja shi da hannu mil kusan uku. Sun kuma yi yaƙi a Honey Hill ranar 30 ga Nuwamba 1864, sannan a Boykin's Mill ranar 18 ga Afrilu 1865, kwana tara bayan Janar Lee, babban kwamandan sojan Kudu, ya miƙa wuya. A farkon shekarar ne Stephen Swails ya zama baƙi na farko da aka tabbatar wa muƙamin hafsa a cikinta.

An sallame su a watan Agusta 1865. Cuta ta kashe musu mutane fiye da harsashi. A 1897 aka ƙaddamar da allon tagulla na tunawa da su a Boston, aikin Augustus Saint-Gaudens, ɗauke da sunayen hafsoshi Turawa da suka mutu. Sunayen dakarun baƙaƙe da suka faɗi a Wagner sai a farkon shekarun 1980 aka zana su.