Waiwaye: Yadda Masu Zane A Turai Suka Koma Zana Abin Tsoro

Kafin ƙarni na 18, Bature bai ɗauki tsaunukan Alps abin sha'awa ba. Hanya ce mai hatsari, matafiyi fatansa ya ƙetare lafiya ya isa Italiya. A makarantun zane ma, hoton daji da tsauni bai kai darajar hoton yaƙi ko na labaran addini ba, wanda ake yi ɗin kuma sai ka ga makiyayi da rafi kwance, rana na faɗuwa cikin natsuwa.

A 1757 Edmund Burke, ɗan Ireland, ya fitar da littafin da ya raba kyau da kwarjini. Kyau sanyaya rai yake yi. Kwarjini kuwa shi ne abin da zai sa gabanka ya faɗi amma ka kasa ɗauke ido, kamar teku idan ta fusata, muddin kana tsaye inda ba za ta cim maka ba. Wannan tsoron na nesa shi masu zanen zamanin da ake kira Romantik suka shiga farauta.

A Jamus, mai zane Caspar David Friedrich ya san wannan tsoron tun yana yaro, kuma ba daga nesa ba: yana shekara 13 ƙanensa ya nutse a ruwan da ƙanƙara ta rufe. A zanensa na wani mai zuhudu a bakin teku, wanda aka nuna a Berlin a 1810, mutumin ɗan tsit ne, sama ta cinye kusan dukkan allon. Da farko ya zana jiragen ruwa, daga baya ya shafe su, kada ido ya samu wurin hutawa. Sarkin Prussia, wata masarauta ta Jamus a lokacin, ne ya sayi zanen. A ganina babu zanen da ya fi shi ƙasƙantar da ɗan Adam ba tare da hayaniya ba.

Turner na Ingila kuwa hayaniyar ya zaɓa. A 1812 ya zana Hannibal, kwamandan yaƙin nan na dā da ya yaƙi daular Rum, da rundunarsa suna ƙetare Alps, guguwar dusar ƙanƙara ta kusa haɗiye su, da ƙyar ake hango jarumin. A 1842 ya nuna jirgin ruwa mai tururi a tsakiyar hadari, masu suka suka ce kumfar sabulu ce da farar ƙasa. An yaɗa cewa ya sa an ɗaure shi a turken jirgi awa huɗu don ya ga hadarin da idonsa, labarin da masana da dama ke kokwanto.

Friedrich ya rasu a 1840 cikin talauci, an kusa mantawa da shi, sai a 1906 wani baje koli a Berlin ya dawo da sunansa.