Ina ruwan mutumin gari da na'urar hangen taurari?

Me ya sa masana sararin samaniya suke neman bakin jama'a a ayyukansu?

Dalili na farko kuɗi ne. Galibin manyan na'urorin hangen nesa da kumbunan bincike da kuɗin haraji ake yin su, wanda ya biya kuwa yana da haƙƙin tambaya. Na biyu fili ne. Na'urar da za a girke a doron ƙasa sai an nemo mata ƙololuwar tsauni ko daji mai nisa da fitilun birni, kuma da wuya a sami irin wannan wuri babu masu shi.

Wanda bai karanci ilimin taurari ba zai iya tsinana wani abu a binciken?

Sosai ma. A 2007 masana a Jami'ar Oxford suka rasa yadda za su yi da hotunan gungun taurari kusan 900,000, sai suka zuba su a intanet ƙarƙashin shirin Galaxy Zoo, suka roƙi kowa ya taya su rarrabe masu siffar ƙwai da masu murɗaɗɗun hannuwa. A lokacin idon mutum ya fi kwamfuta iya wannan aiki. Cikin masu taimakon ne wata malamar makaranta 'yar Holan ta hango wani hazo mai haske da masana ba su lura da shi ba, har aka sa masa sunanta. A 2012 kuma wasu 'yan sa-kai biyu suka gano wata duniya a cikin tsari mai taurari huɗu, daga bayanan Kepler, wata na'urar hangen nesa da aka harba sararin samaniya.

Gasar raɗa suna fa?

Ɗan makaranta ne ya raɗa wa motar binciken duniyar Mars suna Perseverance a 2020, kuma ta tafi da sunayen mutane kusan miliyan 11. Abin da daɗi, yana kuma jawo yara. Amma a ganina gayyatar kallo ce, ba a ba kowa bakin magana ba.

To, ina aka ga illar ƙin sauraron masu wuri?

A tsaunin Mauna Kea da ke Hawai a Amurka. Tsayinsa ya haura mita 4,000, iskarsa busasshiya ce, samansa tas, shi ya sa aka riga aka girke na'urori fiye da goma a kai. Sai dai a wurin 'yan asalin tsibirin wuri ne mai tsarki. Da aka zo gina wata mai madubi mai faɗin mita 30, suka ce a kai kasuwa. Sun tarwatsa bikin aza harsashi a 2014. A 2015 Kotun Ƙolin jihar ta soke izinin ginin, domin hukuma ta bayar da shi tun kafin ta zauna sauraron masu ƙorafi. Wato an yanka, sannan aka zo tambayar mai akuya. An sake ba da izini, kotu ta tabbatar da shi a 2018, amma a Yulin 2019 jama'a suka tare hanyar hawa tsaunin. 'Yan sanda suka kama dattawa fiye da 30, abin da ya ƙara wa wutar fetur. Takarda tana hannun masu aikin, hanya tana hannun mutane. A 2022 jihar ta kafa sabuwar hukumar kula da tsaunin, aka ware wa masu riƙe da al'adun gargajiya kujeru a ciki.

Akwai inda aka bi ta wata hanya?

Aikin SKA, na'urar sauraron siginar rediyo daga sarari da ake ginawa a Ostareliya da Afirka ta Kudu. A Ostareliya sai da aka ƙulla yarjejeniyar amfani da ƙasa da al'ummar Wajarri, 'yan asalin yankin, a 2022 kafin a soma gini a ƙarshen shekarar, wurin ma da harshensu aka raɗa masa suna. A yankin Karoo na Afirka ta Kudu abin bai zo da sauƙi haka ba. Na'urar tana buƙatar shiru, don haka wata doka ta 2007 ta ba da ikon taƙaita siginar rediyo da ta wayar hannu a kewaye, aka kuma saye gonaki masu yawa. Manoman da ke kiwon tumaki a can suka yi ta tambayar yadda za su kira likita idan dare ya yi.