Wace tsohuwar mota zan saya in kullum ina Zariya zuwa Kaduna? Tambayoyi da amsoshi

Tunda aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 lissafin mota ya canza gaba ɗaya, musamman ga ma'aikatan da gidansu ke Zariya aikinsu na Kaduna, ko masu fitowa daga Suleja da Keffi su shiga Abuja kullum. Ga tambayoyin da irin waɗannan mutane suka fi yi.

Wai da gaske bambancin shan mai ya kai a tada hankali?

Ya kai wallahi Malam. Zariya zuwa Kaduna kusan kilomita 80 ne, zuwa da dawowa 160 kenan. Motar da ke yin kilomita 13 a lita ɗaya za ta sha wajen lita 12 a rana, wadda ke yin 9 kuma ta kusa lita 18, to ka lissafa kwana 22 na aiki a wata ka ga bambancin ya kai lita 120, sai ka ninka da farashin lita a gidan man unguwarku ka ga me ya rage a albashin. Wannan kuɗin kowane wata yake fita, shi kuwa kuɗin sayen mota sau ɗaya ake biyansa.

To wace mota ce?

In ni za ka bi, ka tsaya kan inji mai silinda huɗu, lita 1.8 ko ƙasa da haka. Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008 ita ce ta farko a wajena, in lafiyarta ƙalau tana ba da kilomita 12 zuwa 14 a lita a kan titi mai kyau, kuma babu bakaniken da bai san cikinta ba, kayan gyaranta ga su nan zube a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano. Wadda ta biyo bayanta, ta 2009 zuwa 2013, ita ma haka sai dai ta fi tsada. Honda Civic ta 2006 zuwa 2011 tana da sauƙin mai sosai amma ƙasa-ƙasa take, in layinku ramuka ne da kwatami za ka riƙa jin cikinta na gogar ƙasa.

Camry da Honda Accord da ake kira EOD fa, ai sun fi daɗin zama?

Sun fi kam, babu gardama, doguwar tafiya a Camry ba ta gajiyar da baya kamar ƙaramar mota. Amma injinsu 2.4 ne, kuma akwai masu V6, wato silinda shida, da dillali zai ce maka "ai shan nata kaɗan ne", kar ka yarda. Sannan Camry ta 2007 zuwa 2009 mai 2.4 an san ta da ƙona baƙin mai, ka zare sandar awo ka duba da idonka, ka sa a tada ta da safe tana sanyi ka tsaya bayan salansa ka ga ko shuɗin hayaƙi na fita.

'Yar Kwatano ko wadda aka hau a gida?

Wadda aka shigo da ita daga waje yawanci ta fi lafiya saboda ba ta sha hannun masu gyaran gangan ba, amma ba duka ba, akwai waɗanda ambaliya ta shanye a Amurka aka wanke aka kawo. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka leƙa ƙarƙashin kujera ko akwai tsatsa. Motar Amurka kuma da mil take ƙirga tafiya, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, kuma ana iya mayar da lambar baya, don haka in ta nuna tafiya kaɗan amma sitiyari ya goge robar birki ta cinye, ka san akwai magana. Takardun kwastam dole ne, a Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakar ƙasa, kai kuma kullum kana kan babbar hanya.

Me ke sa Corolla ɗaya ta sha mai ɗaya ba ta sha ba?

Nan ne maganar take, kuma nan mutane suka fi asara. Suna kawai ake saye, an ji Corolla shikenan an biya, alhali motar an gama da ita. Da yawa daga cikin bakanikenmu suna cire tamostat, wato na'urar da ke daidaita zafin inji, su haɗa fanka kai tsaye wai don kar ta yi zafi, to injin ba ya kai zafin da aka tsara masa, kwamfutar motar sai ta ɗauka har yanzu sanyi yake ta ci gaba da ƙara masa fetur, kana tafe kilomita 80 tana zuba mai kamar yanzu aka tada ta. Wasu an sace ko an sayar da abin da ke cikin salansa wanda suke kira indomi, wasu na'urar da ke auna iskar hayaƙi ta mutu, wasu fulogi ne na jabu. Kuma akwai masu kashe fitilar cek injin, wadda ke nuna inji na da matsala, don kar ka gani, shi ya sa in ka murɗa makulli kafin ta tashi ka tabbata fitilar ta kama, in ta tashi kuma ta mutu. Ka je da bakanikenka na kanka ba na dillali ba, a jona mata kwamfuta a gabanka, kuɗin bai kai na tanki ɗaya ba.

Haibirid, wato mai aiki da fetur da batir, irin su Prius fa?

A goslo take nuna kanta, mai fitowa daga Mararaba zuwa cikin Abuja zai more ta sosai. A doguwar hanya ma tana da sauƙi amma ratar ba ta kai ta cikin gari ba, ga batirinta in ya tsufa kuɗi ne masu nauyi kuma ba kowane gareji ke iya ta ba. In babu ƙwararre kusa da kai ka haƙura.

A mayar da ita mai iskar gas ta CNG?

Gas ɗin ya fi fetur araha, amma kafin ka kashe kuɗin ka tabbatar akwai gidan da ke sayar da shi a kan hanyarka kuma yana samuwa, tukunyar kuma za ta cinye maka rabin but. A je wurin da aka amince da su kawai, ban da tukunyar da mai walda ya haɗa.

Ya zan gane ainihin shan manta kafin in biya?

In mai motar ya yarda, ku cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ku yi tafiya mai ɗan nisa da esi a kunne yadda za ka riƙa amfani da ita, ku dawo famfon nan a sake cikawa, sai ka raba kilomitan da litar da ta shiga. Ka duba iskar taya tukuna, taya mara iska ita kaɗai tana ɓata lissafin.