Kuskuren Magani a Asibiti

Kuskuren magani shi ne duk wata tangarɗa da za a iya kauce mata, tun daga lokacin da likita ya rubuta magani har zuwa shigarsa jikin majinyaci da sa ido a kansa bayan haka. Ya bambanta da illar magani, wadda kan zo ko da an yi komai daidai.

An daɗe ana ɗaukar lamarin a matsayin sakacin mutum ɗaya: a nemo mai laifi, a hukunta shi, a rufe maganar. Bincike ne ya rushe wannan tunani. A 1991 masana daga Jami'ar Harvard suka fitar da sakamakon duba fayilolin majinyata sama da 30,000 a jihar New York, inda suka gano kashi 3.7 cikin ɗari sun cutu ta dalilin jinyar kanta, kuma magani ne kan gaba. A 1999 wani rahoto na Cibiyar Likitanci ta Amurka ya ƙiyasta cewa mutum 44,000 zuwa 98,000 ke rasuwa duk shekara a asibitocin ƙasar saboda kurakuran jinya iri-iri. James Reason, masanin halayyar ɗan Adam daga Birtaniya, ya nuna cewa kowane shingen kariya yana da ɓaraka, kuma cutarwa kan kai ga majinyaci ne idan ɓarakokin suka zo a jere. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Magunguna kaɗan ne ke jawo mafi munin ɓarna: insulin, masu hana daskarewar jini, dangin morfin masu kashe zafin ciwo, magungunan sankara, da ruwan potassium mai ƙarfi. Likita cikin gaggawa ya rubuta "10U" na insulin (U taƙaitawar "unit" ce, ma'aunin insulin), harafin ya yi kama da sifili, a karanta 100. Shi ya sa asibitoci da yawa suka hana wannan taƙaitawa. Shi kuwa potassium, 'yar kwalbarsa fara tas take, kamar ta ruwan da ake haɗa allura da shi. Nas ɗin da ta kwana a tsaye ta miƙa hannu cikin duhun asuba, in ta ɗauko shi ta tura a jijiya kai tsaye, zuciya na iya tsayawa nan take. Gargaɗi da horo ba su magance wannan ba; abin da ya yi aiki shi ne kwashe kwalaben daga ɗakunan jinya gaba ɗaya. Haka vincristine, maganin sankarar da ke kisa idan aka yi allurarsa a laka: yanzu ana haɗa shi cikin ƙaramar ledar ƙarin ruwa, don kada ya shiga sirinji balle a rikita shi. Irin wannan gyara ya fi kowane inganci, domin bai dogara da ƙwaƙwalwar gajiyayye ba.

Kwamfuta ma ta taimaka. Binciken David Bates a wani asibitin Boston a 1998 ya nuna rubuta magani ta kwamfuta ya rage manyan kurakurai da kashi 55 cikin ɗari. Sai dai gargaɗin na'ura in ya yi yawa, ma'aikata kan saba da shi har su daina karantawa.

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin rage mummunar cutarwar magani da rabi cikin shekara biyar, tana ƙiyasta asarar da dala biliyan 42 duk shekara. Ta fi mai da hankali kan magunguna masu haɗari, da masu shan magunguna da yawa a lokaci guda musamman tsofaffi, da lokacin kwantarwa ko sallama, inda maganin gida kan ɓace daga lissafi ko a ninka shi ba a sani ba.